Wushiryar Marka

Ranar kasuwar Warra ce, shekara guda kafin ruwan madatsar Kainji ya shanye tsibirai, Marka ta fara ganin Sahabi. Tana zaune a tashar jirgin ruwa tana sayar da kyafaffen kifi, sai ga wani dogon saurayi ya sauko rungume da akwatin katako. Santsi ya kwashe shi, akwatin ya buɗe, sai ga muƙamuƙan mutane farare fat, da haƙoransu reras, suna gangarawa ƙasa.

Mata suka ɗauki salati suka watse. Guda ya tsaya gaban tiren Marka. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ga ya bar mata fari a yatsu.

"Wanga ai alli ne," ta ce. "Malam, mi kake yi da bakin alli?"

Ya miƙe yana kakkaɓe laka, kunya ta rufe shi. Ya ce shi mataimakin wani likitan haƙori ne daga jami'a. Suna ɗaukar siffar haƙora da muƙamuƙan mutanen tsibirai kafin a tashe su, don bayan shekaru a dawo a ga ko sauyin abinci ya sauya bakunan 'ya'yansu.

"To ga bakinka," ta ce, ta miƙa masa. Ya karɓa, amma idonsa ba kan allin yake ba.

Tun daga ranar Sahabi ya zama mai son kifi. Kullum sai ya zo ya saya, har Kulu ƙawar Marka ta ce ko kada bai kai shi ba. Wata rana ya zo da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, ya ba Marka tsinke ta kankaro cikin kumatunta, ya shafa a gilashi ya ɗiga shuɗi.

"Leƙa ki gani."

Ta leƙa, ta ga wasu 'yan ɗakuna kamar saƙar zuma, kowane da ɗigo a tsakiya.

"Duk wannan a bakina?"

"Da irinsu Allah ya gina ki tun daga kai har ƙafa. Na leƙa na mutane da yawa, Zumata, amma yau ne hannuna ya yi rawa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Kai dai Malam Alli, ka iya zance."

Akwai Maikuɗi mai jirgin inji, wanda ya daɗe yana neman Marka tana kaucewa. Shi ya fara yaɗa cewa madatsa ba ta tsayuwa sai an binne kawunan mutane a gindinta, kuma kowa ya ga abin da ke akwatin baƙon. Mutanen da aka ce su bar gidajensu da kaburburan iyayensu ba su sha wuyar yarda ba. Kafin kasuwa ta zagayo, yara na bin Sahabi da jifa suna kiran ɗan yankan kai.

Malam Hammadu, mahaifin Marka, masassaƙin jirage ne, ba ya magana biyu.

"Kar in ƙara ganin ɗiyata da yaron nan."

"Baba, wallahi alli ne. Na taɓa da hannuna."

"Na gama."

Marka ta daina zuwa kasuwa, ta daina cin abincin kirki. Ran Laraba Kulu ta shigo da saƙo daga Sahabi.

"Ya ce in gaya miki: Zumata, samari sun ce za su ƙone ɗakin da na sauka. Ba kaina nake ji ba, sunanki nake ji. Jibi zan koma Yelwa. Ki yafe mini."

Marka ta share ido.

"Koma ki ce masa: Malam Alli, wanda ya gudu ya amsa laifi. In da gaske kake, gobe bayan la'asar ka zo ƙofar gidanmu da kayan aikinka."

Ya zo, jama'a na biye da shi, wasu da sanduna. Marka ta fito ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka bar shi shi ɗauki bakina a gabanka. In ka ga jini ko ɗigo guda, ni da kaina zan ce a kore shi."

Malam Hammadu ya daɗe yana kallonta. Ya ɗora gizagonsa a cinya, ya ce, "Bismilla."

Sahabi ya kwaɓa wani gari kamar ƙullu, ya zuba a ɗan cokali mai lanƙwasa, ya ce ta ciza. Da kwaɓin ya daskare, ya zare a hankali, ya dama alli ya cika gurbin. Aka zauna jiran ya bushe. Can ya ɓare ya miƙa wa tsohon da hannu biyu.

Malam Hammadu ya kai shi kusa da ido. Ga wushiryar Marka. Ga haƙorin da ta ɓantare tana ƙarama garin cin goruba, ranar da ya goya ta har gida tana kuka. Ya ɗago, ga ɗiyarsa zaune da kanta a wuyanta, tana masa murmushi da haƙoran nan.

Wata tsohuwa ta fara dariya, sauran suka kama. Da aka waiwaya neman Maikuɗi, sai ƙarar injinsa aka jiyo.

"Yaro," in ji Malam Hammadu, "iyayenka na ina?"

"Suna Shanga, Baba."

"To su zo."

Bayan an tashi zuwa sabon gari aka ɗaura aure, ruwa na ta hawa inda tsohuwar tashar take. Da za a kai amarya, kakarta Dudu, wadda ba ko haƙori guda a bakinta, ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah shi ba ku zuri'a mai albarka," ta ce. "Allah shi sa ku tsufa tare har bakinku shi koma irin nawa. Ke dai kin huta, mijinki sai shi ƙera miki wasu."

Ɗaki ya ɗauki guɗa da amin.