Kwalaben Sista Godiya

Da hantsi Sista Godiya ta kai ƙara caji ofis. An kwashe kwalaben kodin daga 'yar cibiyarta da ke Kwamba, inda take kula da masu son barin shaye-shaye. A ƙa'idarta, duk sabon zuwa sai ya miƙa kwalbarsa ta ƙarshe, a jera ta a kabad.

Sufeto Bamalli, mutum mai tumbi da ƙin tsayuwa a rana, ya iso cibiyar ya tarar har an yanke hukunci. Sabo maigadi ya cakumi wuyan rigar wani siririn matashi.

"Oga, ga ɓarawon nan, Nu'uman. Ɗan ƙwaya ai ba ya tuba."

Nu'uman sai hawaye, abin tausayi. Gobe ne mai keken hayan da ya kore shi daga aiki zai mayar masa da makullin keken, muddin Sista ta shaide shi.

"Ranka ya daɗe, tun azumi ban taɓa komai ba. A gwada fitsarina."

Sufeto ya duba kabad. Kwaɗo lafiya lau.

"Sista, wa ke da makulli?"

"Ni, sai na ajiya a ɗakin maigadi."

"Wannan ya ɓace tuntuni," in ji Sabo, yana tangaɗi, idanu a lumshe.

"Me ke damunka?"

"Maleriya, Oga."

Sufeto ya durƙusa da ƙyar, ya dangwali wani jan ɗigo a ƙasa, ya shinshina.

"Tun yaushe kodin ya fara ƙamshin citta?"

"Ai zoɓo ne, Yallaɓai," in ji Sista. "Ranar da aka kawo nake zubar da kodin ɗin, in cika kwalbar da zoɓo don nuna wa iyaye a wurin taro. Yaran duk sun sani. Nu'uman ne ma ke dafawa."

Jerin tururuwa ya tashi daga ɗigon, bai zame ko'ina ba sai ƙarƙashin gadon maigadi, inda kwalaben ke kwance wayam.

"Malam Sabo, buɗe baki."

Harshe ja wur.

Nan take tangaɗin ya tsaya cak.

"Zoɓo? To, wannan jirin da nake ji fa?"

"Kunya ce," in ji Sufeto.

Sabo ya zauna daɓas. Ya ce wani tari ne ya haɗa shi da kodin shekarun baya, tarin ya tafi, kodin ya zauna. Kullum yana bakin ƙofa yana jin hirar masu jinya, girman kai ya hana shi shiga.

Sufeto ya tasa ƙeyarsa. Har sun kai mota Nu'uman ya biyo su da gudu.

"Baba Sabo, in sun sake ka, ranar Laraba muke zama. Zan zo in ɗauko ka a keke."