Yarinyar Da Ta Hana Ni Allura

A ƙaramin asibitin unguwa Tela ya fara ganinta, ranar da ya kai Innarsa tana fama da ciwon kai. Ita kaɗai ce nas a wurin, layi har waje, fanka ta mutu. Da ta leƙo ta ce, "Mai bi," bawan Allah ya nemi manta abin da ya kawo shi.

Suna shiga ta tura masa na'urar awo. "Ɗaura mata a damtse." Ta dubi lambar, ta ci gaba da rubutu.

"Hawan jini ne, Inna. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, a rage gishiri."

"Allura fa?"

"Ba ya buƙatar allura. Mai bi."

Inna ta fito ranta a ɓace. Shi kuwa gogan washegari ya koma, wai bai gane yadda ake shan maganin ba, alhali ga shi rubuce ɓaro-ɓaro a jikin leda. Da lambar wayarta ya dawo, hira ta ƙullu ta waya.

"Likitata, yau na ɗinka aljihu a bayan riga. Laifinki ne."

"Mai almakashi, ni ba likita ba ce. Inna tana shan maganinta?"

"Tana sha."

Haka Inna ta gaya masa, shi kuma bai bincika ba. Maganin yana ƙarƙashin katifa. Wajen mai kemis na bakin titi take zuwa, wanda zai ba ta kujera, ya riƙe hannunta, ya tambayi gwiwarta, sannan ya tsira mata duk allurar da ta nema.

Da Tela ya kawo maganar aure, Inna ta ce, "Wa? Yarinyar da ta hana ni allura? Ba a gidan nan ba."

Ya yi lallashi har ya gaji. Yana son Nas kamar ransa, amma ba zai yi aure babu albarkar uwa ba.

Wata safiya ya tsinci Inna a ƙofar banɗaki, baki ya karkace, hannun dama ya saki. A babban asibiti aka ce ɓarin jiki ne ya shanye.

Saƙon Nas ya shigo: "Ka ce min tana sha."

Bai amsa ba. Kunya ta hana shi, ita kuma ta ɗauka laifinta yake gani. Da aka sallamo Inna, Nas ta kasa daurewa, ta tashi daga aiki ta wuce gidan da kayan aikinta a jiki.

Inna ta daɗe tana kallonta. Maganar da ƙyar take fita.

"Ba allurar ba ce ta ƙona min rai. Ko kallona ba ki yi ba. Ko hannuna ba ki taɓa ba."

Nas ta buɗe baki za ta ambaci layi da rashin ma'aikata, sai ta fasa. Hawaye ya zubo mata. Ta durƙusa, ta ɗauki hannun da ya saki, ta fara murza yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Kullum da yamma haka take yi. Da hannunta take ba Inna ƙwayar, Inna kuma ta haɗiye babu musu. Maganar ta ɗan dawo. Hannun dai bai dawo ba, kuma Nas ta fi kowa sanin ba zai dawo ba.

Inna ce da kanta ta ce wa ɗanta, "Me kake jira?"

An yi auren babu hayaniya, Inna tana kan keken marasa lafiya. Ango da amarya suka durƙusa a gabanta. Inna ta sa hagu ta ɗago hannun daman, ta ɗora shi a tafin amarya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ke kuma 'yata, idan tsohuwa ta zauna a gabanki, ki ɗago kai."

Amarya ta damƙe hannun da ba ya jin komai, ta kalle ta ido cikin ido.

"To, Inna."