Kurkunun Nomau

Tun kafin kiran assalatu Nomau ya rataya bindigarsa adaka, ya soke wuƙa a ƙugu, ya ɗauki gorar ruwa. Maharbi ne da ake ji da shi, amma taurin kansa ya fi harbinsa suna. Kwanakin nan kurkunu ya ɓullo masa a idon sawun hagu, fari siriri kamar zare. Kowace safiya matarsa Tasalla takan shafa man kaɗanya a bakin gyambon, ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, ta ɗaure da tsumma. Ta sha faɗa masa kurkunu ba ya son gaggawa, in ya tsinke a ciki ƙafa ce za ta biya. Da ta ga ba zai zauna ba, sai ta miƙa masa farin ƙyalle.

"Malam, ko ƙishirwa za ta kashe ka, tace ruwa kafin ka sha."

Ya karɓa yana dariya, wai tsutsa ba ta hana namiji shiga daji.

Da hantsi ya ci karo da sawun gwanki, kofato ya nutse a danshin ƙasa, ga kashi yana tururi. Ya bi ta cikin sabara da geza yana ɗingishi, ƙafar na yi masa zugi kamar an ɗora garwashi. Zabin daji suka tashi fir, ya maƙe bayan wani marke. Can ya hango naman a bakin tafki. Tafkin nan ya san shi sarai, nan ya kwanta rub da ciki bara ya sha, nan ya kwaso abin da ke cin sa yau.

Ya ɗura albarushi, ya lalubi tsumman toshewa a burgaminsa na fata bai samu ba. Sai ya yayyaga ƙyallen Tasalla ya cusa a bakin bindiga.

Adaka ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe. Gwanki ya durƙusa, ya miƙe da jini a kafaɗa, ya yanki daji. Maharbi ba ya barin naman da ya ji wa ciwo, don haka Nomau ya manta da ƙafa ya zura da gudu. Sarƙaƙiya ta kama ɗaurin, ta fizge tsinken. Ya ji wani ɗan tsut, ya duba, guntun farin zare yana lilo a jikin ƙaya, sauran ya koma ciki.

Kafin la'asar ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Ya tauna ganyen sabara ya manna, ya karanta duk addu'ar da ya sani, a banza. Yana kallo ungulaye suka sauka inda gwankin ya faɗi, ko dutse bai iya jifansu da shi ba. Gora kuwa ta fashe garin gudu. Washegari harshe ya bushe masa kamar ƙirgi, ya ja ciki har bakin tafkin. Ya daɗe yana kallon ruwan, hawaye na zuba, ko ƙarfin tuɓe riga ya tace da ita ba shi da shi. Ya kafa baki ya sha.

Wani makiyayi ne ya tsince shi, ya kawo shi gida a kan takarkari. Tasalla ba ta tambayi nama ba. Ta gasa ƙafar da ruwan darbejiya, ta yi jinya har damina ta wuce, amma gwiwar ta sandare, ba ta sake lanƙwasuwa ba. Wata safiya tana shafa masa mai, sai ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Da gorar ta fashe, me ka sha?"

Nomau ya sunkuyar da kai. Tasalla ta karyo sabon tsinke ta soke a jinka, na kurkunun baɗi, sannan ta tsaya tana duban ƙafarsa ta dama.