Tudun da Gajimare Ke Kauce Wa

A ofishin hasashen yanayi Farfesa ake kiransa, ko da yake ban da raini bai taɓa koyar da kowa komai ba. Shekara ashirin yana rubuta yawan gajimare a jadawali, har ya fi yarda da jadawalin a kan mutane. Da aka sanar za a yi ruwan taurari ranar Asabar, abokan aikinsa suka ce rufin ofis za su hau. Ya dube su a sheƙeƙe.

"Dare bakwai cikin goma rufin nan a lulluɓe yake. Ku hau ku sha kallon auduga."

Shi ya riga ya zaɓi wuri: wani tudu, tafiyar awa guda daga gari. A duk jadawalinsa, ko sau ɗaya gajimare bai taɓa rufe shi ba.

Matarsa ce ta ja motar, don ba ya gani sosai da dare. Bayan magariba suka kama hanya.

"Malam, wurin da gajimare ke kauce wa, kai da me ka fi gajimare?"

"Da ilimi."

"Kakata takan ce taurarin nan jifa ne. Aljanu masu satar jin zancen sama ake jifa."

"Kakarki ko ƙofar makaranta ba ta sani ba. Kalli gabanki."

Ko'ina hadari ya rufe, sai saman tudun kaɗai: rami baƙi a cikin hadarin, zagayayye kamar bakin rijiya. Ta ce ita tana mota. Ya yi tsaki, ya ɗauki kujerarsa ya hau.

Ba ciyawa. Ba kukan gyare. Ɗumin ƙasa yana ratsa takalminsa.

Tauraro na farko ya tsaga sama. Ya rubuta lokaci. Na biyu. Na tara.

Sai ya lura ba a warwatse suke zuwa ba. Duk tsakiyar ramin suke nufa.

Ƙaurin gashi ya bugi hancinsa.

Wani abu ya faɗo bayansa, tim, kamar jiƙaƙƙen buhu. Yana nishi. Wani ya sake faɗowa.

Aka dafa kafaɗarsa. Zafi kamar dutsen guga.

"Kada ka motsa," aka raɗa masa. "Ba a jifan irinku."

"Wa ya kawo mana garkuwa?" in ji wata murya.

"Shi ya kawo kansa. Wai bincike ya yi."

Dariya ƙasa-ƙasa. Hannuwa suka ƙaru.

"Mu koma sama. A sa shi gaba."

Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ya lalubi addu'a a kansa, lambobi kawai ya tarar.

Sai ƙarar hon. Fitilu. Motar ta hauro tudun tana tangal-tangal. Matar ta diro tana ta'awizi da iya ƙarfinta, ta cafki ƙafar wandonsa, ta rataya da duk nauyinta.

Wandon ya yage. Ta kama idon sawu.

Aka sake shi.

Ranar Litinin ya buɗe jadawali, ya rubuta a gaban tudun: "A rufe, kullum." Ƙaryarsa ta farko ke nan a aiki. Shatin yatsu shida bai bar kafaɗarsa ba, kuma yanzu sai sama ta lulluɓe yake iya barci.

Matar ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Sai dai in ta ga ya fara yi wa wani wannan kallon nasa, takan tambaya a hankali:

"Malam, da me ka ce ka fi gajimare?"