Zoben Darbejiya

A unguwar Sa'alaba, can ƙetaren teku, kowa ya ɗauka Hajiya Salamatou jikar malamai ce, don ita ta faɗa musu haka. Ba wanda ya san kakarta arniya ce ta Dogon Dutsi, wadda ke kiranta Ajuji, wadda kuma duk daren da ya fi tsawo a hunturu take kitsa zoben ɗanyen ganye ta rataya wa iskoki a ƙofa.

A shekarar nan masassara ta ƙi sakin ɗan Salamatou, an sha magani har an gaji. Da daren ya zagayo, ta ja abaya ta sulale bayan wani tsohon sito kusa da tashar jiragen ruwa, inda darbejiya ba ta kaɗe ganye. Tana tsinka tana istigfari.

"Ya Hajja, me ake nema?" Wata tsohuwa ce zaune a gindin itacen.

"Ganyen surace ne, Inna," in ji Salamatou, tana ɓoye shi a abaya.

"Miƙo nan, kin manta kitson."

Tsohuwar ta shiga murɗa rassan ta hagu. Ƙamshin hayaƙin karan gero ya taso ya danne ƙarnin teku. Salamatou ta sunkuyar da kai, sai idonta ya sauka kan ƙafafun matar: jar lakar fadama ce jage-jage, a garin da rabonsa da ruwan sama an manta.

"Tun da kika haye tekun nan muke tsaye a ƙofarki," tsohuwar ta ce, muryar ba ta mutum ɗaya ba. "Kunyarmu kike ji, Ajuji?"