Filafilin Yaya Bagudu

Na dawo Gungun Tsamiya daga jami'a da takarda cike da zane. Tsibirai biyar, jirgi ɗaya mai inji, sahu biyu a rana, a miƙe ta tsakiyar ruwa zuwa kwatar gari. Har suna na raɗa wa jirgin.

Na kai wa Yaya Bagudu, ɗan wan babana, wanda ya yi shekara goma yana tuƙa jirgin fasinja kafin ya bari. Ya bi layin da yatsa, ya tsaya a tsakiya, ya ce bokona ya bi ta kan kufai. Bayan isha ya tara mu a ƙofar ɗakinsa, ni da ƙannena, ya rage fitila.

Ya ce kafin a datse kogin, akwai gari a wajen. Ruwa ya shanye shi, kan rimin kasuwa kaɗai ke leƙowa. Mutane sun tashi, amma waɗanda ba a gani ba su tashi ba. Shi ya sa duk matuƙin da ya iso rimin zai kashe inji, ya yi sallama, ya tuƙa da filafili har ya wuce. Rabin sa'a ake yi.

Shekara shida ke nan da abin ya same shi. Matarsa Kuluwa ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta ce sai asibiti. Magariba ta kawo jiki, ba wanda ya yarda ya raka su. Ya shimfiɗe ta a cikin jirgi, ya tayar da inji.

Rimin ya bayyana. Hannunsa na kan makashin inji. Kuluwa ta kira sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

Bai kashe ba.

Ya ce ruwan ya kwanta lum. Kwaɗi suka yi shiru. Sai goshin jirgin ya ɗan nutse, kamar an ɗora buhu.

Wani tsoho ne zaune a can, ya ba shi baya. Rigarsa a bushe. Amma ƙafafunsa fari fat, sun yamutse kamar na wanda ya shekara a ruwa, ƙananan dodon koɗi manne a idon sawu.

Muryarsa kamar daga cikin tulu.

"Ɗana, ka bi ta kan ɗakina ba sallama."

Yaya Bagudu ya ce ya roƙe shi da Allah, ya nuna masa Kuluwa, ya ce laifinsa ne shi kaɗai.

"Mu ma muna da mai naƙuda a ƙasa," in ji tsohon. "Ƙarfenka ya wuce ta kanta. Cikin ya zube."



Inji na ruri. Ga fitilun kwata can, ana iya ƙirga su. Ba su matso ba. Yaya Bagudu ya waiga, rimin na nan a gefensa. Ya ƙara wuta. Ya karanta duk abin da ya haddace. Ya kashe injin, ya ƙi mutuwa. Ya lalubi filafilinsa, babu.

Kuluwa ta yi ta nishi. Can ta nemi ruwa, ya ba ta. Can ta daina nema.

Da assalatu injin ya mutu don kansa. Tsohon ya miƙo masa wani filafili baƙi, jiƙe sharkaf, bai juyo ba.

"Rabin sa'a ce, ɗana. Ita kaɗai muka roƙa."

Ya zura ƙafa a ruwa, ya sauka a hankali, kamar mai bin matakala.

Da filafilin nan Yaya Bagudu ya tuƙa har ya kai kwata kafin rana ta fito. A can aka yi wa Kuluwa wanka, da abin da ke cikinta.

Tun ranar, in ji shi, ba injin da ke tashi kusa da rimin, ko an yi sallama. Sai a zagaya ta arewa, tafiyar sa'a uku, kuma ba mai jirgin da zai ƙona mai haka don mutum ɗari biyu. Jirgin fasinja ya daina zuwa. Masu hali sun ƙaura. Mai ciki kuwa sai addu'a.

Na ce ai za a iya tara dattawa, a je a nemi afuwa. Har na fara lissafa waɗanda za a kira.

"Nafi'u," ya ce, "duk shekara ina zuwa. Ina sallama har muryata ta dishe. Da, ruwan kan motsa. Yanzu ba a amsawa."

Ya ce in ƙaddara ta kai ɗayanmu wajen rimin, kada ya je shi kaɗai, kada ya je da gaggawa, ko wa ke kwance a jirgin.

Ya tura ƙyauren ɗakinsa. Filafilin na jingine a bayan ƙofa. Watan bazara ne, rijiyoyinmu sun ja baya, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsa a jiƙe take.

Na naɗe takardata. Muna jin ɗigon har muka tashi.