Taken Sarkin Pawa

Barmo ya matse kalangu a hammata, ya sauke makaɗi a kan fata. Hannunsa ya ji dukan, kunnensa bai ji komai ba. Can saman turken ƙarfen da ke tsakiyar mahautar Sabuwar Gusau, fitilar Haɗiyau ta koma ja.

Haɗiyau na'ura ce da Hukumar Haƙƙin Sauti ta kakkafa a unguwanni tun shekarar 2088. Duk kiɗan da ya tashi sai ta gwada shi da rumbun rajista. In mallakar wani ne kuma babu lasisi, sai ta saki wani sauti da ke kashe shi tun bai kai kunne ba. A laifi na uku takan haddace salon hannun mutum, daga ranar ko ƙwarya ya buga ba mai ji.

Wannan ne laifinsa na biyu. Ga shi jibi za a naɗa Mantau sarautar pawa, kuma dattawan mahauta ba sa miƙewa ga sabon sarki sai an kaɗa taken ubansa.

Ya hau jirgin igiya mai bi ta sama zuwa ofishin hukumar. Injiniya Ladidi, mai kula da na'urorin shiyyarsu, ta buɗo masa takardar da ya cike shekara shida baya. A gurbin mai mallakar kiɗan, sunan marigayi Sarkin Pawa Jatau ne.

"Baba, da hannunka fa ka rubuta," in ji ta.

"To wa zan rubuta, 'yata? Take na wanda ake kaɗa wa ne. Ni hannu ne kawai."

Ta yi masa bayani a hankali. Da Jatau ya rasu, haƙƙin ya koma kan ɗansa Mantau, shi kuma ya sa hannu da kamfanin Tsawa. Sun yanki daƙiƙa bakwai daga taken, sun dasa a waƙar rawar da ke tashi a kowace mota marar direba. Yarjejeniyar ta shekara hamsin ce, su kaɗai ke da iko da taken. Ta roƙe shi kada ya taɓa kalangu jibi.

Barmo ya sami Mantau yana duba injinan fiɗa. Da Mantau ya ji zancen sai ya hau share zufa, yana rantsuwa shi ya ɗauka saurare kawai suke so, take ai ba tsoka ba ne da za a yanka a tafi da shi. Ya kira kamfanin a gabansa. Muryar inji ta amsa cewa za a duba buƙatarsa cikin wata huɗu. Sai ya kawo shawarar a sa waƙar kamfanin a lasifika, tunda taken na ciki.

"Da kiɗan karkaɗa ƙugu za a naɗa ɗan Jatau?" Barmo ya tambaye shi. Mantau ya sunkuyar da kai.

Ranar naɗi da hantsi filin mahautar ya cika. An ɗaura rawani, dattawa na zaune kamar an dasa su. Barmo ya dubi turken, ya dubi Mantau. Shekara arba'in da ɗaya yana kiɗa. Ya gyara rataya, ya fara.

Ba a ji komai ba. Fitilar ta yi ja, sannan ta yi baƙi: laifi na uku ke nan.

Bai tsaya ba. Hammata na matsawa tana saki, makaɗi na hawa da sauka. Wani tsohon mahauci ya ƙura wa hannun ido, kafaɗarsa ta soma motsi. Ya miƙe, ya zare wuƙa ya ɗaga sama. Na kusa da shi ya bi, har fili ya tashi gaba ɗaya. Suna dukan ƙasa da ƙafa, Haɗiyau na shanye wannan ma. Mutum ɗari uku suna rawa, ana jin kukan shaho a sama.

Da aka watse Ladidi ta matso, allon aikinta a hannu, ta kasa haɗa ido da shi. Ta ce dole ta kai rahoton abin da ta gani, domin kamfanin zai ce an kaɗa kayansu ko ba a ji ba.

"Sabuwar na'urar da za a kafa bana, Baba, tana da ido," in ji ta.

Barmo ya daɗe yana duban hannayensa, yatsun na ci gaba da kaɗa taken su kaɗai. Ya cusa su cikin aljihun riga.